Ginin Masana'anta a Gefen Ƙaramin Layin Dogo: Roba, Kwali, Katako, Haɗaɗɗe, ko Ka Ƙera da Kanka?

Gidan zama ko kanti a kan teburin ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo ado ne, duk inda aka ajiye shi ya zauna. Ginin masana'anta kuwa aiki yake yi. Shi ke ba tarago dalilin tsayawa: rumbun hatsi yana kiran tarago mai mazurari, ma'ajiyar mai tana kiran taragon tanki, sito yana kiran rufaffen tarago. In babu su, jirgin kayanka zagaye kawai zai riƙa yi. Shi ya sa ake zaɓensa da rula a hannu tun kafin a kalli kyan hoton da ke jikin kwalinsa.

Hanyoyi biyar ne a gabanka: gutsattsarin roba da za ka haɗa, haɗaɗɗen gini da aka riga aka yi wa fenti, na kwali, na katako yankan lesa, da wanda za ka ƙera daga tushe. Ga abubuwan da za a auna su da su.

Abin dubawa kafin a fitar da kuɗi

Na farko wuri ne, kuma a nan yawancin mutane ke tuntuɓe. A ma'aunin HO ana raba girman abu na gaskiya da 87, a N da 160, a OO na Ingila da 76. Masana'anta mai tsawon mita 100, wadda ba ta kai babba ba a zahiri, za ta ci mita 1.15 a HO, ko santimita 62 a N. Rumbun siminti mai tsayin mita 30 zai tashi santimita 34 a HO. Saboda haka kusan duk abin da kamfanoni ke sayarwa matsattse ne, an rage masa jiki. Matsalar tana fitowa fili ne in ka jera tarago a gabansa. Rufaffen tarago mai ƙafa 50 yana kaiwa kusan santimita 19 a HO har da maƙalansa, sai ka ga ginin da aka kira masana'anta bai fi taragon da ya zo masa lodi tsawo ba. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce ginin ya kai aƙalla tsawon taragu biyu, ya kuma ɗara su tsayi sosai.

Na biyu tazara daga layi. A ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, a HO ana barin kimanin milimita 26 daga tsakiyar layi zuwa bango a miƙaƙƙen layi, da tsayin kimanin milimita 76 daga saman ƙarfen dogo in tarago zai shiga ƙarƙashin rumfa ko cikin gini. Taragun zamani masu ɗaukar kwantena biyu a sama suna son fiye da haka. A kan kwana tazarar tana ƙaruwa, domin tsakiyar dogon tarago tana lanƙwasowa ciki, ƙarshensa kuma yana fita waje. Dakalin lodi ya zo daidai da daɓen tarago, wato milimita 13 zuwa 14 sama da ƙarfen dogo. Wani abu da ake mantawa: in an ɗora layin a kan shimfiɗa mai laushi (cork) mai kaurin milimita 5, dole a ɗaga ginin da kwatankwacin haka, in ba haka ba ƙofar sito za ta kalli ƙafafun tarago.

Sai kuɗi har kayan su iso hannunka, ba farashin kasida kaɗai ba. Masu dako suna lissafin girman kwali kamar yadda suke lissafin nauyinsa, ga kuɗin kwastan. Sai juriya, musamman a ƙasa irin tamu inda hunturu ke busar da komai, damina ta dawo ta jiƙa shi, ƙura kuma ba ta hutu. Sai wuyar aiki, da kuma ko ginin zai yarda a yanka shi a sauya masa fasali.

Akwai kuma irin masana'antar kanta. Injin fulawa yana karɓar alkama a tarago mai mazurari, ya fitar da buhuna a rufaffen tarago, wato gini ɗaya ya ba ka aikin taragu iri biyu. Filin sauke kaya na kowa da kowa dakali kawai yake buƙata da ƙaramin sito, kuma kusan kowane irin tarago zai iya tsayawa a can. Mahaƙar kwal ko ta tsakuwa kuwa tana da cin wuri fiye da yadda ake zato, domin taragu suna wucewa ƙarƙashin mazurarin lodi ɗaya bayan ɗaya, don haka reshen layin sai ya ninka tsawon jerin taragun sau biyu. Mai ƙaramin tebur ya yi tunani sau biyu kafin ya saye ta, komai kyanta.

Gutsattsarin roba

Wannan ita ce babbar kasuwa. Walthers na birnin Milwaukee yana da jerin Cornerstone, cike da rumbunan hatsi, kamfanonin siminti da manyan situna irin na Amurka. Pikestuff ya ƙware a gine-ginen kwano na zamani. A Jamus akwai Faller, Kibri, Vollmer da Auhagen, a Ingila akwai Ratio da Wills. Matsakaicin gini a HO yakan tashi tsakanin dala 30 zuwa 80, manya su haura 100. Gutsattsarin suna zuwa a kwance cikin kwali mara kauri, don haka kuɗin dakonsu da dama-dama.

Ba zafin ɗaki, ba laima, ba gara da ke damun wannan roba. Hasken rana kai tsaye ta taga ne kawai ke lanƙwasa dogon bango ya kuma kashe launi. Ƙura kuwa buroshi mai laushi ya ishe ta.

Tsarin aikin ba shi da wuya in an bi shi daki-daki. A yanke kowane gutsure daga reshen robar da yake maƙale da shi da ƙaramin almakashin yankan waya, kada a murɗe shi da hannu, murɗawa tana ɓantare gefe. A goge wurin da sanfefa mai laushi, a wanke komai da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke don cire maiƙon injin. A yi fenti kafin haɗawa, tagogi daban, bango daban. Gam ɗin da ya dace shi ne mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, wanda ke narkar da fuskar robar ya haɗe ta. Saboda narkarwa yake yi, ba ya kamawa a kan fenti, sai an kankare fentin daga bakin haɗin. In ya yi yawa ya malalo ƙarƙashin yatsa, shatin yatsanka zai zauna a bangon har abada. Gilashin taga kuma kada a kusance shi da sufa gulu, tururinsa yana mai da shi fari fat. Farin gam na kafinta ya wadatar.

Ginin roba da ba a yi wa fenti ba yana ƙyalli, kuma ƙyallin nan shi ke tona cewa abin wasa ne. Ko da kamfanin ya zuba shi da launi, a fesa masa fenti mara sheƙi. Don fito da layukan siminti tsakanin jan bulo, a dama fenti na ruwa mai launin toka-toka kashi 1 da ruwa kashi 8 zuwa 10, a ɗiga sabulu ɗigo ɗaya, a shafe bangon a kwance, a bari ya soma bushewa, a goge saman da ɗanyen ƙyalle. Wanda zai sa fitila a ciki ya fara shafe cikin da baƙin fenti, in ba haka ba bangon duka zai riƙa haske.

Babban alherin roba shi ne tana yarda da wuƙa. In ginin zai jingina da bangon baya na tebur, babu mai ganin bayansa, to me zai sa a ɓata wannan bangon a ɓoye? A ɗauko shi a jona da na gaba, a rage zurfin gefuna zuwa santimita 4 ko 5, sai ginin da ya zo da tsawon tarago ɗaya ya koma mai karɓar biyu ko uku. A kama haɗin ta ciki da fallen roba mai faɗin santimita 2, ta waje kuma a rufe tabon da bututun ruwan sama. Kamfanin DPM na Amurka da Auhagen suna sayar da bangwaye ɗai-ɗai don irin wannan jonawa. Bangwayen DPM suna fitowa da ɗan karkata a gefe, sai an goge su a kan sanfefa da aka manna a teburi mai laƙai har su miƙe, in ba haka ba kusurwa ba za ta rufe ba.

Aibinta guda ne: ginin da ka saya dubban mutane sun saya. Wanda ya saba kallon teburan Amurkawa zai gane mahaƙar New River Mining ta Walthers daga nesa. Sauya launi da rufi da allon suna yana rage hakan. A kuma kula kada a cakuɗa ƙasashe, masana'antar jan bulo ta Jamus ba ta zama daidai kusa da taragun Amurka.

Haɗaɗɗen gini

Woodland Scenics yana da jerin Built & Ready, yawancinsu da fitilu a ciki. A Ingila akwai Skaledale na Hornby da Scenecraft na Bachmann, waɗanda ake zubawa da rezin, wata irin roba mai tauri. Fitar da shi daga kwali ka ajiye, shi ke nan. Fentinsu yawanci yana da kyau.

Sai dai kuɗinsa yakan kai ninki biyu na irinsa da ba a haɗa ba, kuma rabin kwalin iska ce da soso, kai za ka biya dakonta. Bututun hayaƙi, tsani da shingen bene su ne ke fara karyewa a hanya. Na rezin yana da nauyi, in ya faɗi ɓarewa yake yi, yanka shi wahala ne, ƙurarsa kuma ba ta da kyau ga huhu. Abin da ya fi rage masa daraja a wannan fanni shi ne ƙanƙanta: da wuya ka sami haɗaɗɗen da ya kai girman masana'anta ta sosai. Ya dace da ɗakin mai gadi, ofishin sikeli ko ƙaramin sito.

Kwali

Mutane da yawa suna raina shi, kuma ba su yi masa adalci ba. Metcalfe na yankin Yorkshire yana sayar da gine-ginen OO da N da aka buga aka kuma yanka a kwali mai kauri, yawanci tsakanin fam 10 zuwa 25. Superquick ma haka. Scalescenes kuwa fayil ɗin PDF yake sayarwa a kan 'yan fam kaɗan, ka sauke ta intanet, ka buga sau nawa ka ga dama. Babu dako, babu kwastan, babu jira. In ka ɓata bango, ka sake bugawa. In kana son sito mai tsawon mita guda, ka buga bangon sau biyar.

Wurin bugawa a zaɓi ainihin girma, kashi 100, kada a bar firinta ta matse hoton don ya cika takarda. Mai tebur na HO da ya sayi zanen OO ya buga a kashi 87 cikin 100, mai N na Amurka ko Jamus kuma ya tuna N na Ingila 1:148 ne, ba 1:160 ba, don haka shi ma sai ya ɗan rage girman bugun. Bugun firintar lesa ya fi na tawadar ruwa jure laima. Kafin a yanka, a fesa wa takardun fanish mara sheƙi sau biyu, sama-sama. Ana manna takardar a kan kwali mai kaurin milimita 1 ko 2 da gam na sanda, domin gam mai ruwa yana kumbura takarda, in ta bushe ta ja kwalin ya lanƙwashe. Dogon bango a manna masa takarda ta baya ma, don jan ya zo daidai ta fuska biyu. Reza tana dakushewa da wuri a kwali, da ta soma jan takarda a canza ta. Farin bakin da ke fitowa a kowace kusurwa a shafe shi da fensir mai launi ko alƙalamin zane mai ruwan toka. Wannan ɗan aikin shi ke raba na gwani da na ɗan koyo.

Bulon kwali hoto ne, ba shi da tudu da kwari. Daga nisan santimita 60 ido ba ya ganewa, a N ma ko kusa da wuya a gane. Haɗarinsa na gaske yanayi ne: laimar damina tana sassauta shi, kyankyasai suna cin gam da takarda, gara kuma in ta sami hanya ba ta bari. A yi masa ginshiƙai na ciki kowane santimita 8 zuwa 10, a shafe ciki da waje da fanish, a nisanta teburin daga bangon ɗaki mai tsattsafo.

Katako yankan lesa, da na filasta

Bar Mills, Blair Line da Fos Scale Models a Amurka suna yin waɗannan, Busch da Noch a Jamus suna da nasu na katako da kwali mai tauri. Babu abin da ke kama da tsohon katako kamar katako. Injin yankan itace, ƙaramin injin niƙa, sito na shekarun 1920 zuwa 1950, a nan suka fi kowa. Ƙanana suna farawa daga wajen dala 40, manyan na gwanaye suna kaiwa ɗaruruwa.

Falankin siriri ne ƙwarai, yana shan ruwa ya lanƙwashe tun a shafar fenti ta farko. Maganinsa a manna sanduna masu kaurin milimita 3 ta ciki, a gicciye da jijiyar katakon, kafin fenti ya taɓa shi, a shafa fuska biyu, a danne da littafi mai nauyi har ya kwana. Launin tsufa ana samunsa da baƙar tawadar zane cokalin shayi 1 a cikin rabin lita na sifirit, wanda ke bushewa da sauri bai jiƙa itacen ba. Ko an gama lafiya, sauyin hunturu da damina yana buɗe haɗin kusurwa a hankali, don haka a wurinmu wannan zaɓi na mai ɗaki ne da ba ya shan laima. Na filasta irin na Downtown Deco bulonsa ya fi na kowa kyau, amma nauyi gare shi kuma yana fashewa a hanya, ban ga dalilin yin odarsa daga nesa ba.

Ƙerawa daga tushe

Manyan masana'antu na zamani akwatuna ne masu sauƙin fasali, don haka ƙera su bai kai yadda ake tsoro ba. Fallen roba na kamfanin Evergreen mai kaurin milimita 1 ko 1.5 ba a yanka shi har ƙasa: a ja reza sau biyu ko uku a jikin rular ƙarfe, a lanƙwasa, ya karye a miƙe. Akwai masu zanen kwano da na falanki. Tagogi da ƙofofi, waɗanda su ne masu wuya, ana sayensu daban daga kamfanin Tichy. Wanda bai sami Evergreen ba, farin allon PVC mai kaurin milimita 3 da masu allunan talla ke aiki da shi yana yin gangar jiki mai ƙarfi. Rumbunan siminti ko na hatsi kuma bututun ruwa ne: mai faɗin milimita 75 ya yi daidai da rumbu mai faɗin mita 6.5 a HO. Gam ɗin roba ba ya kama PVC, sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu, bayan an goge rubutun jikin bututun da sanfefa.

Kafin a taɓa kayan kirki, a yanka ginin da kwalin taliya, a ajiye a wurinsa kwana biyu, a tura tarago mafi tsawo ya wuce ta gabansa. Wannan gwajin ya kamata a yi wa kowane zaɓi cikin biyar ɗin, domin kamfanoni suna rubuta faɗi da tsawon gini a kasidarsu.

Firintar 3D ta fi amfani a ƙananan kaya, tagogi, tankuna, bututun iska. Robar PLA da ake bugawa da ita tana soma laushi a wajen digiri 60 na Salsiyos, zafin da motar da aka rufe a rana ke iya kaiwa. Robar PETG ta fi ta juriya.

Ƙerawa daga tushe ce kuma hanyar wanda ke son kwaikwayon layin dogonmu na gida. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, kuma gyaɗa da auduga ne suka ciyar da shi. Kasidun kamfanonin da aka ambata ba su ɗauke da sitonmu na kwano ko injin gurzar auduga irin na Funtuwa, amma fasalinsu mai sauƙi ne, dogon zaure da rufin kwano da dakali. Dalar gyaɗa ma wurin lodi ce cikakkiya, ana yin cikinta da kwali a lulluɓe da ƙananan buhuna. Faɗin tsohon layin milimita 1,067 ne, wanda a 1:87 yake son layi mai milimita 12, ba 16.5 na HO da aka saba ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Dako | Juriya | Wuyar aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gutsattsarin roba | matsakaici | matsakaici | sosai | matsakaiciya | ƙyalli, tabon gam |
| Haɗaɗɗe | mai tsada | mai tsada | sosai, in bai faɗi ba | babu | karyewa a hanya, ƙanƙanta |
| Kwali | mafi araha | kaɗan ko babu | sai an kare shi | sauƙi, da haƙuri | laima, ƙwari |
| Katako ko filasta | mai tsada | katako kaɗan, filasta da yawa | matsakaiciya | mai wuya | lanƙwashewa, fashewa |
| Daga tushe | araha a kan girmansa | kaɗan | sosai | ya danganta da fasali | kuskuren awo |

Wanne ya dace da wa

Mai farawa da ke da tebur na HO kuma yake son abu ɗaya da zai daɗe, ya sayi matsakaicin sito ko injin fulawa na roba, ya yi masa fenti mara sheƙi. A ganina wannan ne zaɓin da ya fi dacewa da mafi yawan mutane, domin roba tana yafe kuskure kuma ba ta tsoron damina.

Mai shimfiɗa a kan kanta mai zurfin santimita 30 zuwa 40 a jikin bango ya manta da gini mai fuska huɗu. Bangwayen DPM ko Auhagen, ko ginin roba da aka buɗe aka miƙar, su za su cika masa bayan fage da zurfin santimita 5, su bar wa layi sauran wurin.

Wanda kuɗin dako ya fi ƙarfinsa, ko yake aiki a N, ya ɗauki fayil ɗin bugawa, ya kashe ɗan abin da ya rage a kan kwali mai kyau da reza da fanish. Mai son cika dogon bango da situna ma nan ya fi masa.

Wanda ba shi da lokaci, ko hannunsa ba ya jure ƙananan gutsattsari, haɗaɗɗe ya halatta gare shi, amma ya zaɓi irin sana'ar da ƙaramin gini ya ishe ta, kamar dillalin mai ko filin sauke kaya, ya kuma nemi a ninka masa kwali wurin aikowa.

Katako na gaban tebur ne, inda ido ke kaiwa kusa, kuma ga wanda ya riga ya gama gini biyu ko uku na roba ko kwali. Ɗaya ya isa. Mai son kamfanin siminti da zai rufe taragu biyar ko shida, ko mai son tashar kaya ta Kano a zamanin gyaɗa, ya tanadi fallen roba, bututun PVC da rular ƙarfe, ya fara da gwajin kwalin taliya a gefen layin.